Rabin Aski da Tsohon Hatimi

An aske masa rabin kai ke nan, ɓangaren hagu ya fito tas yana ƙyalli, na dama kuwa furfura na nan tsaye cirko-cirko, sai wata mata ta ɗage labulen shagon ta shigo. Ta jingine damin tsintsiyar da take talla a bakin ƙofa, ta ratsa ta tsakanin ƙafafun masu jiran layi, ta zo gaban kujerar aski ta durƙusa a kan gashin da ya zube.

"Ranka ya daɗe, kai ne Mai Hatimi?"

Mai aski ya kashe inji. Tela da ke kan benci ya janye ƙafafunsa. Malamin makaranta, wanda ya ɓoye fuska a bayan jarida, ya sauke ta kaɗan, daidai yadda ido zai samu hanya.

"Haka suke ce mini," in ji dattijon. Ya so muryar ta fito da nauyi kamar yadda ya saba fito da ita 'yan kwanakin nan, amma mayafin askin ya shaƙe masa wuya.

Matar ta ciro wata leda, cikin ledar akwai wata ledar, cikinta kuma takarda mai ninki huɗu da ta yi laushi kamar tsumma. Ta miƙa da hannu biyu.

"Takardar haihuwar ɗana ce. Shekara takwas ke nan da fitarsa. An ce in ka juya hatimin ka buga sau uku, zai dawo."

To, a nan sai an ɗan koma baya, don kada a ce an ci naman dattijo ba dalili.

Wata biyu da suka wuce wani littafi ya shigo unguwar, sunansa Ma'ajiyar Inuwa. Kwafi ɗaya ne tak, autar shi wannan dattijon ce ma ta aro shi a wurin aikinta, amma kafin a ankara ya zaga gida ashirin. Bangonsa ya fita, tela ya ɗinke, wata ta ɗiga masa mai a shafi na casa'in. Waɗanda ba su iya karatu ba aka riƙa karanta musu. Labarin wai gwamnati tana da wani sashe a ƙarƙashin ƙasa, inda ake kama inuwar mutum, a ninke ta kamar ƙyalle, a saka cikin fayil. Da zarar an buga wa fayil ɗin hatimi, sai mai inuwar ya miƙe ya fita daga gida, ko da loma ce a hannunsa, ba a ƙara ganinsa.

Kowa da yadda littafin ya kama shi. Tela ya ƙi yarda a ɗauke shi hoton katin shaida. Matar mai aski kullum da hantsi sai ta jera 'ya'yanta a rana ta ƙirga inuwarsu. Malamin makaranta ya ce shirme ne, rubutun ma duk kurakurai, an kuma tabbatar sau uku ya karanta shi, na ukun a banɗaki. Mai kantin magani ya rantse an kama marubuciyar. Mai nama ya ce ba mace ba ce ma, namiji ne, kuma ya mutu tun kafin a buga littafin.

Abin da ya jawo magana shi ne mutumin da ke buga hatimin a cikin labarin. Yana ɗingishi da ƙafar hagu. Babban yatsansa kullum shunayya ne saboda tawada. Ba ya kallon mutane cikin ido.

Shi kuwa dattijon nan namu, shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ajiyar fayil na wani ofishin gwamnati, ɗakin kuma a ƙarƙashin bene yake. Ɗingishin a matakalar wurin ya samo shi, ranar da ya zame da tulin takardu a ka. Rashin kallon ido kuwa, duk wanda aka yi shekara talatin ana ce masa "kai, ɗauko mini fayil" ya san inda ake samunsa. Sai tawada. Ranar da aka sallame shi, wai kwamfuta ta zo, ba wanda ya tambayi tsohon hatimin, sai ya jefa shi aljihu da soson tawadarsa. Shekara huɗu ke nan, duk ranar da zaman gida ya ishe shi sai ya shimfiɗa tsohuwar jarida ya yi ta bugawa, tim, tim, tim, har matarsa ta ce kanta zai tsage.

Ranar da mai aski ya tambaye shi, "Baba, a ina ma ka ce ka yi aiki?" da ya ce ɗakin fayil, da an wuce wurin. Sai ya ce, "A ƙarƙashin ƙasa." Shagon ya yi tsit. Tsit ɗin nan ya yi masa daɗi, irin daɗin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Sai ya ƙara da cewa, "Akwai abin da ba a faɗa." Mako na zagayowa ya zo da hatimin a aljihun gaba, ya bari aka hango mariƙinsa. Tun daga ranar ba ya bin layi. Mai nama ya daina cusa masa ƙashi. Surukinsa, wanda da gaisuwar tsaye yake yi yana danna waya, yanzu har ƙasa yake kaiwa.

Yau kuma ga takarda an miƙo masa.

"Baiwar Allah," ya ce, "wannan ba maganar shagon aski ba ce."

"Na sani, ranka ya daɗe. Gida na fara zuwa, aka ce kana nan."

"Ki... ki dawo da yamma. Bayan la'asar."

"Zan jira."

"A'a, je ki yi tallarki. Irin wannan aiki yana son shiri."

Da jin kalmar shiri, mai aski ya kalli tela, tela ya kalli malamin makaranta, malamin makaranta ya mayar da jarida fuskarsa. Mai Hatimi ya fizge mayafin, ya kifa hula a kan rabin askin, ya fice yana jan ƙafa.

"Baba, saura rabi!"

Ko waiwayowa bai yi ba.

Ya tarar da matarsa tana guga a kan teburin falo. Teburin nan ƙafarsa ɗaya gajera ce, duk turin dutsen guga sai ya ce gwaf. Shekara guda tana cewa a gyara.

"Har an gama? Cire hular mu ga ƙwaryar."

"Ina littafin nan?"

"Wane littafi?"

"Kin fi ni sani."

Ta dasa dutsen guga a tsaye, ta riƙe ƙugu. "Au! Shugaban masu ninke inuwa bai karanta littafinsa ba?"

Gaskiyar ke nan, kuma a duk unguwar ita kaɗai ta san ta. Bai taɓa buɗe shi ba. Duk abin da ya sani a bakin mutane ya tsinta, ya riƙa gyaɗa kai a inda ya dace.

"Yana wurin mai kantin magani, kuma mutum shida ke jira," ta ce. "Amma in babi na goma sha tara kake nema, a kaina yake, sau biyu Auta ta karanta mini. Mutumin naka ne ya yi nadama. Ya ɗauko takardar haihuwar wani da ya ɓatar, ya juya hatimin kai ƙasa, ya buga sau uku. Da asuba sai ga yaron a bakin ƙofa, ba takalmi, yana cewa a ba shi ruwa. Wallahi na yi kuka a wurin nan. Auta kuwa cewa ta yi marubuciyar ce ta gaji, ta rufe labarin haka nan."

Ya zauna. Ya tashi. Ya je taga ya dawo. Guntayen gashi sun shige masa wuyan riga suna cizonsa kamar kiyashi.

"Mai tsintsiya ta same ka?" ta tambaya, tana juya hannun riga.

"Wato ke kika turo ta."

"Ina shara ta zo ta durƙusa mini, mace sa'ar yayata. In ce mata me? In ce mijina maƙaryaci ne? Wannan kai za ka faɗa da bakinka, Malam."

"Ni ban yi ƙarya ba. Ban taɓa cewa ni ne ba."

"Ba ka ce kai ne ba, ba ka kuma ce ba kai ne ba. Tsoka dai ka ci."

Teburin ya ce gwaf. Ba ta ɗago kai ba ta ci gaba, amma muryarta ta sauka. Ta ce yaron, ɗan mai tsintsiyar, walda yake yi. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi wani gari, wai an yi masa alkawarin aiki a wurin wani babban gini. Ya bugo wa uwar waya sau biyu. Na biyun cewa ya yi kada ta ba kowa rediyonsa. Rediyon yana nan, kullum sai ta goge shi. Uban ya rasu yana jira. Ita kuma sau uku tana zuwa ofis don ta kai rahoto. Na farko aka ce ta zo da takarda. Na biyu aka ce ba wannan takardar ba. Na uku aka ce mai karɓa yana taro. Daga nan ba ta koma ba.

"Wane ofis?"

"Naku."

Ya sake komawa taga. Wani tunani ya zo masa mai sauƙi, mai santsi. Mene ne a ciki? Tim, tim, tim, sau uku, ta tafi da farin cikinta, shi ya zauna da girmansa. Ba wanda aka cuta. Sai kuma ya hango ta gobe da asuba, zaune a bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu. Ya hango ta jibi. Ya hango ta gata. Ya yi sauri ya sosa wuya.

"Ina ganin," ya ce, "zan je in gano ƙanena a ƙauye. Kwana biyu ba mu gaisa ba. Mako ɗaya ya isa."

"Je ka mana. In an tambaya zan ce kai ma an ninke taka."

Ya tsaya yana kallonta, ita tana kallon kwalar riga. Ya danna hularsa, ya fita. Bai san inda za shi ba sai da ya ga kansa a tashar bas, a layin motar da ya yi shekara talatin da ɗaya yana hawa.

Motar ta cika maƙil, rana ta take, zufa na tsattsafowa ta ɓangaren da aka aske. Bai gama zama ba ya ji abin da ya guda ya riga shi shiga. Wata budurwa a kujerar gaba tana gaya wa ƙawarta cewa ita tun da ta kai wurin da aka ninke inuwar amarya ba ta ƙara bin gefen gine-ginen gwamnati ba, tsallaka titi take yi. Wani mai ɗaure da laƙataye a wuya ya juyo ya ce abin kunya ne mutane masu ilimi su yarda da tatsuniya, kuma ma a fili yake tun farko cewa darektan shi ma ba shi da inuwa.

"Kai, Alhaji, don Allah!" kwandasta ya daka tsawa daga bakin ƙofa. "Babi na bakwai nake! Wallahi wanda ya ƙara faɗin ƙarshe a nan zan sauke shi!"

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa da ke kusa da Mai Hatimi ba ta yi dariya ba. Ta ce ita dai ba ta san littafi ba, amma mutane suna ɓata, wannan ba sai an rubuta ba. Tana faɗa idonta ya sauka a kan babban yatsansa. Ya cusa hannun a hammata, ya juya fuska waje, haka ya zauna har aka iso.

Ofishin yana nan yadda ya bar shi, sai fenti da aka canja. Mai gadi na hango ɗingishin ya miƙe yana washe baki.

"Mutumin rami! Kana raye? Wane iska ya kwaso ka?"

"Wucewa nake yi."

"Wucewa da tsakar rana, da hula har kunne? Zo ka ga gidanka."

Suka zagaya bayan bene. An sa wa ƙofar ƙasa ƙaton kwaɗo. Mai gadi ya ce ruwa ne ya shiga damina biyu da suka wuce, abin da aka riga aka zuba a kwamfuta ya tsira, sauran ya zama kunu. Mai Hatimi ya dafa bango ya sunkuya, ya leƙa ta ƙarafunan 'yar tagar da ke daidai da ƙasa. Warin nan ya buge shi, warin takarda mai danshi. Kantoci sun yi fayau. Kujerarsa na kwance a gefe, ƙafafunta a sama.

"Kullum sai an zo leƙe," in ji mai gadi. "Jiya 'yan mata uku suka zo ɗaukar hoto. Na ce musu ɓeraye ne kawai a ciki. Suka ce ai dole in ce haka. Ka karanta kuwa? Ni wurin da ya ba ni haushi, mai gadin cikin littafin barci kawai yake yi. Ko sau ɗaya ba a nuna ya kama kowa ba."

Mai Hatimi bai ji shi ba. Idonsa na kan kanta ta ƙarshe, wadda ke jikin bangon can. Nan ake jera fayil ɗin mutanen da aka kawo rahoton ɓatansu. Dokar ita ce, in an yi shekara bakwai ba wanda ya zo ya tambaya, sai a rufe. Shi ke rufewa. Makon farko na kowace shekara ake tara masa su, ya naɗe hannun riga, ya jiƙa soso. Yana da sauri, har yabonsa ake yi, kafin azahar ya gama ɗari biyu. Kowane fayil akwai ɗan hoto a maƙale a kusurwa. Yakan ɗora yatsan hagu a kan hoton don kada tawada ta ɓata shi, ya buga da dama, ya ture, ya jawo na gaba. Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa ɗaga yatsan ya ga fuskar da ke ƙasa ba.

Ya miƙe da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Har yanzu ana karɓar rahoton wanda ya ɓata?"

"Hawa na biyu, ɗakin ƙarshe. Wata mata ce yanzu, ba ta da laifi, amma daga takwas zuwa sha ɗaya take karɓa. In ka wuce haka, sai gobe. Wa ya ɓata maka?"

Ya buɗe baki, sai ya tuna ko sunan yaron bai tambaya ba. Takardar ma bai karɓa ba.

"Fom ɗin fa? Har yanzu fari ne?"

"Rawaya ya koma. Wanda ya zo ba shi kuwa, korarsa ake yi." Mai gadi ya koma ɗakinsa, ya jawo aljihun tebur, ya ɗaga kwanon abincinsa, ya zaro guda biyu daga ƙasa. "Ai a nan ake ajiye su. Ba mai tambaya ne."

Bayan la'asar ya shigo layinsu, ya tarar da mai tsintsiya zaune a dakalin ƙofar gidansa. Damin tsintsiyar na gefenta, ɗaurinsa na safe ko kwance shi ba a yi ba. Matarsa ta ajiye mata kofin shayi, ya huce ba ta taɓa ba. Abin mamaki, a ranar kowa ya samu uzuri a layin. Tela yana kakkaɓe yadi a tsallaken titi. Malamin makaranta yana duba tayar kekensa da ba abin da ya same ta. Mai aski ya rufe shago, ya tsaya jikin falwaya da injinsa mai batir a aljihu. Mai nama ma yana nan, shi ko uzurin bai nema ba.

Mai Hatimi ya tsaya a gabanta. Ya ɗaga hannu ya cire hular. Rabin kai ya fito yana sheƙi, rabi ya kwanta da zufa. Wani ya yi tari don ya danne dariya.

"Baiwar Allah," ya ce, ya ɗaga murya yadda na tsallake za su ji, "ni ba kowa ba ne. Mai ɗauko fayil ne, a aike ni in kawo, a aike ni in mayar. Ba a taɓa ninke inuwar kowa a wurinmu ba. Ɗingishin nan faɗuwa na yi. Littafin ma ban karanta ba. Na ga ana tashi a ba ni kujera ne, na ji daɗi, na yi shiru."

Layin ya yi tsit, amma ba irin tsit ɗin da ya yi masa daɗi ba.

"Haka na cikin littafin ya ce," tela ya raɗa, raɗar da har ƙarshen layi an ji. "Babi na sha biyu."

"Sha uku," in ji malamin makaranta.

Matar ba ta kalle su ba. Ta daɗe tana shafa ledar da ke cinyarta.

"Ranka ya daɗe, ni ba yarinya ba ce," ta ce. "Na san littafi ne. 'Yar maƙwabta ce ta karanta mini, da ta zo wurin kofin ruwan nan na ce ta maimaita, ta maimaita har ta gaji. Na je asibitoci. Na je wurin masu duba. Na je inda ake ajiye gawa, aka buɗe mini bakwai. Sai na ce wannan ma bari in gwada, kada ya zama akwai ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba." Ta fara miƙewa tana dafa bango. "Ka yi haƙuri, na hana ka aski."

"Dakata," ya ce. "Akwai wata ƙofar. Sau uku kika je, ba a nuna miki ita ba. Shigo ciki."

A falo ya ture kayan guga gefe, ya shimfiɗa fom ɗin rawaya, ya sa tabarau. Ya karɓi takardar haihuwar da hannu biyu, ya kwafe sunan harafi-harafi, da rubutun nan nasa mai tsaye da ake nuna wa sababbin ma'aikata. Teburin ya ce gwaf. Ya danne shi da gwiwa.

"Tsayinsa?"

"Ya fi ƙofar ɗakina. Sai ya sunkuya yake shiga, kuma kullum sai ya manta ya buge."

"Yana da wani tabo?"

"Ƙunar walda a gwiwar hannun dama, kamar ƙwayar wake. Da wani a haɓa, wannan tun yana rarrafe ne, ni na yi sakaci."

"Wace riga ya sa ranar da ya fita?"

"Shuɗiya. Aljihun ya yage, na ɗinke masa da farin zare don ba ni da shuɗi. Ya ce, Inna, za ki sa a yi mini dariya." Ta tsaya. Ta goge ido da gefen mayafi. "Shekara takwas, ba wanda ya taɓa tambayata wace riga ya sa."

Daga nan ba a sake tambayarta ba, ita ta yi ta kawowa. Ba ya cin albasa. In yana aiki fito yake yi. Haƙorinsa na gaba ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya. Gurbin da aka bari a fom ɗin layi biyu ne, Mai Hatimi ya cike shi, ya juya baya, ya cike, ya jawo na biyun. Bai ce mata albasa ba ta da gurbi ba. Matarsa na tsaye a bakin ƙofar kicin tana sauraro.

Da ya gama ya cire tabarau.

"Ki ji da kyau, Yaya. Wannan ba zai kawo shi da asuba ba. Ƙila ma ba zai kawo shi ba sam. Amma za a tura sunansa da hotonsa asibitoci da gidajen yari da kan iyaka. Kuma in dai ana zuwa ana tambaya, ba a rufewa."

"Wa zai riƙa zuwa? Ni benen nan tsoro yake ba ni."

"Ni. Na san matakalar, ita ma ta san ni."

Ta kalli takardun, ta kalle shi. Sai ta ɗan karkatar da kai, kamar mai roƙon gyara a kasuwa.

"To ka buga hatimin mana, ko sau ɗaya ne. Ba don littafin ba. Don dai takardar ta yi ƙarfi."

Ya zaro shi daga aljihu. Ya jawo tsohuwar jarida, ya danna a soso, ya buga, tim. Ya tura mata jaridar.

"Ni ban iya ba," ta ce. "Me ya ce?"

Matarsa ce ta leƙo ta karanta. "An rufe."

"Shi nake buga wa waɗanda aka daina nema," in ji shi.

Mai tsintsiya ta wawuri takardun rawaya ta rungume a ƙirji, ta ja da baya har kujerarta ta yi ƙara.

"Kada ka kusanto da shi."

"Kawo nan," in ji matarsa. Dama mariƙin ya yi sako-sako, ta murɗe shi ya fita. Ta durƙusa ta cusa gindin hatimin a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin, ta miƙe, ta girgiza. Ko motsi. "Ka gani? Shekara guda ina neman abin da zai yi daidai."

Ya raka matar har bakin titi, ya ce ta nemo hoton yaron guda biyu, su haɗu a tasha da ƙarfe bakwai. Ta ɗora daminta a ka ta tafi, hannu ɗaya a ƙirji inda ta soke ledar. Da ya juyo, mai aski ya riga ya ajiye masa kujera a ƙofar gida, ya warware mayafi. Sauran suna nan a tsallake, ba wanda ya gusa.

Ya zauna. Mai aski ya ɗaura masa mayafin, ya kunna inji, ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Baba, tsakanina da kai. Ka buɗe wa yaron fayil, ko?"

"Gobe za a buɗe."

Mai aski ya ɗago, ya yi wa na tsallake wani irin gyaɗa kai a hankali. Tela ya dafe baki. Mai Hatimi ya gani, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa, ya sunkuyar da kai.

"Ƙarasa mini rabin nan," ya ce. "Da bakwai ina da layi."